Yadda Shahon Kudu Ya Buɗe Gangaren Shirabetsu

Duk wanda ya taɓa bin layin kasuwarmu a Kagoshima ya san shagon Samejima Kuniaki, ko bai san sunan ba ya san ƙamshin ƙosan kifina. Ya kuma san muryata, don ni ba na suya da baki a rufe. Mai saye yana jiran a tsame masa, ni ina ba shi labari, kuma labarin da na fi gwanancewa a kai shi ne na zamiya a kan ƙanƙara. A garinmu ƙanƙara ba ta sauka sai in ɓatan kai ta yi. Abin da ke zubo mana daga sama tokar Sakurajima ce, dutsen nan mai aman wuta, saboda haka babu mai ƙaryata ni. Na gangaro tsaunukan arewa a tsaye, na gangaro su da baya, akwai ma ranar da tsauni ya ɓallo yana bina na tsere masa. Ijichi mai aski, abokina tun muna firamare, shi ya raɗa mini suna Shahon Kudu. Da ba'a ya yi, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu.

Sau ɗaya dai na taɓa zuwa inda ake wannan wasa, lokacin da makaranta ta kai mu, kuma gudawa ta kwantar da ni a masauki har muka dawo. Ta taga na kalli abin. Amma na kalle shi da kyau, wannan kam ba mai raba ni da shi.

Ana nan sai 'yarmu tilo, Chinami, wadda ke aiki a Sapporo can arewa, ta zo mana da saurayi. Ryohei sunansa, yaro mai kunya, ubansa yana da masaukin baƙi a ƙauyen Shirabetsu. Ƙauyen da ake ji da shi ke nan saboda ƙanƙararsa mai laushi, wadda ko ka damƙa ba ta dunƙuluwa, sai ta zube ta tsakanin yatsu kamar garin shinkafa. Na ga sumar yaron ta yi yawa, na ce ya leƙa wajen Ijichi a rage masa. Da ƙafata na nuna masa shagon.

Ya dawo kansa fes, idanunsa waje, ashe Ijichi ya zayyana masa labarin Shahon Kudu. Ya durƙusa a gabana har goshinsa ya taɓa tabarma.

"Baba, ku gafarce ni. Ban san a gaban wa nake zaune ba."

Matata Sumie ta ajiye butar shayi ta dube ni. Chinami ta rufe fuska da tafin hannu. Ni kuwa, maimakon in kashe wutar tun tana ƙarama, sai na shafa gemun da ba ni da shi na ce, "Ai an daɗe. Ƙuruciya ce."

Da yaron ya fita, Chinami ta ja ni bayan kantar shago. "Baba, ka san wane ne ubansa? Shi ne shugaban masu zamiya na ƙauyen. Kuma har yau bai ce ya amince da ni ba, sai an yi ganawar iyaye tukuna. Mutumin nan ƙarya ce kawai ba ya yafewa. Ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ya daina yi wa magana, don ya ƙara wa kifin da ya kamo tsawo."

"Da yawa ya ƙara?"

"Baba!"

Ba a jima da komawarsu ba waya ta yi ƙara. Dattijo Tomabechi ne da kansa, uban Ryohei. Na miƙe tsaye, ina rusuna wa bango.

"Samejima-san, labarinku ya riga ku isowa," in ji shi, murya a daƙile. "Ranar da za ku zo ganawa ta dace da ranar buɗe gangarenmu. Al'adarmu, in an gama addu'a, babban baƙo ne ke fara saukowa, ya tsaga sabuwar ƙanƙara kafin kowa ya taka. Bana ku ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni fa ban iya ba."

"Haka manya ke faɗa."

"A'a, da gaske nake. Ko tsayuwa a kan katakon ban iya ba."

Na ji ya juya yana gaya wa wani a gefensa, "Kun ji ko? Wai ko tsayuwa. Yaran yanzu su zo su koyi ladabi." Ya dawo kaina. "Mun gode da kuka karɓa. A gaida uwargida."

To, a wajenmu haka abin yake. In an yabe ka dole ka musa, gwani ne ke cewa bai iya ba, kuma matar da ta fi kowa girki ita ke ajiye maka kwano tana cewa ka yi haƙuri bai yi daɗi ba. Ranar da na faɗi gaskiya tsagwaronta, sai aka rubuta mini ita a babin tawali'u. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Sumie ta ce, "To Shaho, sai a karkaɗe fukafukai."

"Kada ki dame ni, ina tunani."

"Baban Chinami, ka sake kiransa ka ce masa ƙarya ka yi. Kalmar ke nan, ƙarya. Ita ba ta da ladabi a ciki."

"In kashe auren 'yata da bakina? Ina! Koya zan yi. Mene ne a ciki? Ƙanƙararsu gari ce, tokarmu gari ce. Wanda ya iya a kan wannan ya iya a kan waccan."

Ta dube ni irin kallon da take yi wa kifin da ya kwana, ta koma kicin.

Kashegari na bi layi gida-gida ina roƙon toka. Kowa dama yana da tulin jakunkunan toka masu ruwan ɗorawa da yake tarawa kafin motar shara ta zo, sai ga shi an sami wanda ke so. Har da masu kawo mini a keke suna godiya. Na zazzage ta a kan tudun da ke bayan shago, na baje da tsintsiya. Ijichi ya tono mini katakon zamiyar wani kawunsa da ya rasu tun muna yara, dogaye har sun fi ni, da sanduna biyu na gora.

"Me Shaho zai yi da toka?" in ji shi, yana cin dariya a ciki.

"Sirrin manya ne. Kai ka tsaya a kan almakashi."

Kafin in gama ɗaure takalmi, rabin layin sun rufe shagunansu sun jeru. Na gyara tsayuwa, na ɗaga sanda ɗaya na gaishe su, na tura. Katakon ya ƙi motsi. Na sake turawa, ya ƙi. Mai sayar da shinkafa ya ce ko a zuba mai, na ce wannan ai shi ne mataki na gaba, na aika aka ɗebo man suyata aka shafe ƙasan katakon. A karo na uku ya yarda, amma bai yi shawara da ni ba. Ƙafar dama ta nufi gabas, ta hagu ta nufi yamma, ni na bi tsakiya. A gindin tudun kuwa tsakar gidan Iya Tokito ce, tsohuwa mai sayar da tsimin ganye, ta shanya yankakken farin tushen da take tsimawa a kan tabarmi. Na shige ciki da tokata, na kwashe tabarma uku na tafi da su har bakin rariya.

Tsohuwar ta fito da ludayi a hannu. "Kuniaki! Tun kana yawo ba wando nake ganin wautarka, amma yau ka ƙure. Shanyar wata guda!"

"Iya, saukar gaggawa ake koya."

"Da ka sauka a gidan uwarka!"

Ijichi yana riƙe da ciki, hawaye na zuba. Na ce masa ya ci gaba, wanzami dama ba ya son jarfa, ranar da ta zo kansa zan gani. Ya ce shi dai bai taɓa tsere wa tsauni ba, balle ya faɗa rariya.

Na bar toka na koma kan sanyi, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Na roƙi mutumin da nake sarin kifi a wajensa ya bar ni in riƙa zama a ɗakin sanyinsu na bakin teku. Na shiga da rigar shan iska don jiki ya horu. Wani ma'aikaci da bai san da ni ba ya ja ƙofa ya tafi cin abincin rana. Da aka buɗe, ina rungume da wani ƙaton kifi muna ɗumama juna, majina ta daskare mini a leɓe. Mura ta kwantar da ni, muryata ta dishe, Sumie ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa jin daɗin zama irin na wannan makon ba.

Ina kwance na ji a labarai cewa bana ƙanƙara ta yi jinkiri a arewa, tsaunuka duk baƙi ƙirin. Nan take na warke. In babu ƙanƙara babu gangare, in babu gangare Shaho ya sha. Na yayyage tsohon zanen gado na ɗinka 'yan tsanan nan masu kan ƙwallo da yara ke ratayewa don roƙon rana, na jera su a bakin rumfar shago daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Ijichi ya tsallako titi da tsumman aski a kafaɗa, ya tsaya yana ƙirga su da ido.

"Mutumina, ban gane ba. Mai zuwa ƙanƙara kuma yana roƙon rana?"

Masu saye uku suna tsaye, duk suka juyo.

"Wa ya rataya su haka?" na daka tsawa. "Sumie! Na ce kai ƙasa, kai ƙasa!"

Daga ciki ta amsa, "Ni ko taɓa su ban yi ba."

Haka na hau kujera a gaban jama'a na juya su ɗaya bayan ɗaya, kai ƙasa ƙafa sama, yadda ake yi in ruwa ake nema. Ban taɓa ganin addu'ar da ta karɓu da sauri irin wannan ba. Kafin mako ya zagayo, Chinami ta bugo tana murna, wai tsofaffin ƙauyen sun ce rabon da su ga zubar ƙanƙara irin wannan tun suna samari, har ta haɗiye motoci.

Ina cikin wannan baƙin ciki sai Ijichi ya kira taron 'yan layi. Ya ce abin kunya ne Shahon Kudu ya tashi a arewa babu shaida daga gida, don haka yawon shekara na 'yan kasuwa bana Shirabetsu za a. Kowa ya ɗaga hannu. Iya Tokito ta ɗaga biyu, ta ce ko a kan gadon asibiti ne sai an kai ta. Suka sa aka rubuta sunana a wani ƙyalle mai tsawon motar haya.

Muka isa. Sanyin da ya tare ni a ƙofar jirgi ya nuna mini ɗakin kifi wasan yara ne. Dattijo Tomabechi ɗan ƙaramin mutum ne, busasshe, gira fara fat, ba ya murmushi kuma ba ya ƙifta ido da wuri. Aka zauna, aka yi gaishe-gaishe, muka miƙa tsarabar ƙosan kifi da giyar dankali muna cewa ba wani abin kirki ba ne. Ya karɓa, ya yi godiya, bai ce uffan a kan aure ba. Chinami tana gefe a durƙushe, ta kasa ɗaga ido ta dube shi. Ban taɓa ganin yarinyar nan tana tsoron kowa ba.

Na gwada dabara ta ƙarshe. Na miƙe ina ɗingishi, na dafe gwiwa. "Ranka ya daɗe, tsohon ciwo ya tashi. Ina ganin a ba wani. Ni dama na gaya muku ban iya ba."

Ijichi, wanda ba wanda ya gayyace shi ɗakin, ya leƙo ta ƙofa. "Wannan ai ba komai ba ne, Dattijo. Da karyayyiyar ƙafa ya taɓa gangarowa. Shi ya gaya mini da bakinsa."

Tomabechi ya jinjina kai. "Na gani. Gobe da hantsi."

Gari ya waye, ƙauye kaf ya hallara a gindin gangare. An kafa tebur an jera kifi da gishiri da kwalaben giyar shinkafa. Malamin ɗakin bauta, cikin fararen kaya da doguwar hula, ya kaɗa sandarsa mai tarkacen farar takarda, ya roƙa wa kowa sauka lafiya. Ban taɓa sa zuciya a addu'a irin ta ranar ba. Mutanen layinmu suna can gefe sun dunƙule cikin barguna, sun ɗaga ƙyallensu.

Aka ɗora ni a kujerar nan mai tafiya a jikin waya, Ryohei a gefena. Da muka kai sama ya zame ya sauka abinsa. Ni na tsaya neman inda ake taka birki, kujera ta yi kwana ta juyo da ni. Na sauko ta saman kawunan jama'a, ƙafafuna na lilo. Na ji wani yana cewa, "Duba hanya yake yi. Ka ga aikin gwanaye." Aka tafa mini. Na ɗaga musu sanda, na sake hawa.

A karo na biyu Ryohei ya cafko ni ya dire. Ya ce a hankali, "Baba, tabaranku a juye yake."

"Haka muke sawa a kudu."

Na leƙa ƙasa. Fari fat, babu sawun ko tsuntsu, mutane can ƙasa kamar an watsa riɗi. Aka busa ƙaho. Na ce a raina ko dai in zauna a nan har bazara, sai iska ta yanke mini shawara.

Na rantse, da farko abin daɗi. Babu ƙara, babu gargada, garin ƙanƙara yana tashi har ƙirjina, na ce ashe duk abin da nake faɗa gaskiya ne. Sai gudu ya ƙaru. Na nemi tsayawa, na tuna ba a nuna wannan ta taga ba. Na yar da sanda ɗaya, ɗayar ta yar da ni. Na buɗe baki iya ƙarfina.

"A tare ni! Jama'a a tare ni! Sumie!"

Suka ɗauka kirari ne, suka ƙara tafi. Ina dab da su katakon dama ya hau kan na hagu, duniya ta juye, na tashi sama. Wannan ne kaɗai lokacin da na yi kama da shaho. Na sauka da ka a cikin wani tudun ƙanƙara, na nutse har ƙugu, ƙafafu a sama. Katako ɗaya ya ƙwace ya ci gaba da tafiya shi kaɗai, cikin nutsuwa da gwaninta, ya ratsa tsakanin ƙafafun malamin ya daki ƙafar tebur. Ina cikin ramin na ji kwalabe suna fashewa.

Da ƙafa aka jawo ni, Ijichi na riƙe da ɗaya, Ryohei ɗaya. Na tofar da ƙanƙara, na goge ido. Kifin addu'a yana kwance a ƙasa, malamin yana neman hularsa, mutanen layinmu suna naɗe ƙyalle a ɓoye. Ko Ijichi bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ni.

Na hangi Chinami. Fuskarta ta yi fari, ta ƙura wa Dattijo ido, ba ni ba.

Na rarrafa na durƙusa a gabansa. "Ranka ya daɗe, ban taɓa hawa katakon nan a kan ƙanƙara ba sai yau. Babu tsauni, babu karyayyiyar ƙafa, babu shaho. Mai ƙosai ne ni, mai dogon baki. Yarinyar nan ba ruwanta, ita ba ta gado ni ba, uwarta ta biyo."

Ya kalle ni, girar nan ko motsi. Sannan ya wuce ni kamar bai ji ba. Na ce shi ke nan, na kashe auren. Ya je gaban malamin da mutanen ƙauye, ya cire hula, ya haɗa ƙafafu, ya rusuna har kansa ya kusa taɓa gwiwa.

"Jama'a, ku yi haƙuri. Mutumin gidana ya ɓata muku biki. Surukina ne, daga kudu yake, bai san ƙanƙara ba. Ya gaya mini bai iya ba, ya sake gaya mini, ni ne na ƙi ji. Abin da ya fashe a wuyana yake."

Ya tsaya a rusune, bai ɗago ba. Sumie ta durƙuso kusa da ni ta mintsine ni a cinya.

"Ka ji abin da ya ce? Ba a ba da haƙuri a madadin baƙo, Baban Chinami. Sai na gida."

Sai a lokacin na gane. Chinami ta fashe da kuka, irin mai sauti, wanda rabon da in ji tun tana 'yar mitsitsiya. Ta taho tana nutsewa a ƙanƙara har gwiwa, ta faɗo jikina, tana dukan ƙirjina da hannu ɗaya tana share mini gira da ɗayan. Ni ma na yi nawa, ba na ɓoyewa, hawayen suna daskarewa tun kafin su kai haɓa.

Da ta sami numfashi ta ce, "Baba, alfarma ɗaya. Ranar biki ba za ka yi jawabi ba."

Na ɗaga kai na ce na yarda, a gaban shaidu. Sai dai fa mutumin da ya buɗe gangaren Shirabetsu a gaban gari guda, ya kuma ƙulla aure da saukarsa ɗaya, ba a hana shi magana a bikin 'yarsa. Tun a jirgin dawowa na fara shirya abin da zan ce.